Kafin a ɗauki mutum dubu, a fara neman maƙerin mazubi

Duk lokacin da aka aza harsashin masana'antar motoci, abin da ake fara jefa wa jama'a shi ne adadin guraben aiki, mutum dubu biyu, mutum dubu biyar. A yi murna, kuma murnar tana kan hanya, domin wanda ya shekara yana yawo da takardunsa a hammata ya san darajar albashin ƙarshen wata. Sai dai wannan adadi kaɗan yake gaya mana. Mafi yawan aikin yi a harkar mota yana wurin masu ƙera sassa, kuma a wurinsu ɗin ma, dubban guraben suna rataye ne a wuyan wasu ƙwararru 'yan tsiraru da ba a samar da su a ƙasa da shekara uku zuwa huɗu. Kamfani ko gwamnatin da ta manta da waɗannan, to gini kawai ta yi da rufi mai kyau.

Mota guda tana da sassa kusan dubu 30 idan aka ƙirga har da noti da kusoshi. Kamfanin da sunansa ke gaban motar yakan yi bodi da fenti da haɗawa, sau da yawa har da injin. Sauran sayo su yake yi: burki, kujeru, fitilu, gilashi, wayoyin lantarki, lagireto, salansa, robobin ciki. Masu sayar masa kai tsaye su ne sahun farko, irin su Bosch da ZF da Continental a Jamus, Denso da Aisin a Japan, Magna a Kanada. A bayansu akwai sahu na biyu, masu yin ƙananan sassa da aka matse ko aka zuba ko aka fere, sai sahu na uku masu ƙarfe da roba da sinadarai. Shi ya sa masana'antar da ake kawo mata mota a warware cikin akwatuna, ta ɗaura tayoyi da bamba ta ce ta ƙera, ba ta haifar da aikin a zo a gani. Gumin da aka zuba a kan waɗancan sassa dubu 30 an riga an biya shi a wata ƙasa.

Su ma masana'antun sassan ba ɗaya suke ba. Wanda ya fi kowa cin hannu shi ne haɗa wayoyin lantarki. A motar zamani akwai waya mai tsawon kilomita da dama, kuma har yau mutum-mutumin inji bai iya sarrafa abu mai laushi da lanƙwasa kamar yadda yatsun mutum suka iya ba. Inji ne ke yanka wayar, ya feɗe bakinta, ya matsa mata kan ƙarfe, amma shimfiɗa ta a kan allo, cusa kowane kai a raminsa, naɗe ta da tef, duk hannu ne. Masana'anta ɗaya tana iya ɗaukar dubban mutane, akasari mata, a koya musu aikin cikin 'yan makonni. Ɗinkin rigunan kujeru ma haka yake. Wannan ne ya ja kamfanoni irin su Yazaki da Sumitomo da Leoni zuwa Maroko da Tunisiya da Meziko da Gabashin Turai. A shekarar 2022, da yaƙi ya tsayar da masana'antun wayoyi a yammacin Yukren, sai da layukan Volkswagen da BMW a Jamus suka tsaya, domin ba a haɗa mota a ce za a sa mata wayoyi daga baya.

Ba na raina wannan aiki ko kaɗan. Ga macen da ba ta taɓa karɓar albashi ba, ko saurayin da karatunsa ya tsaya a sakandare, ƙofa ce ta gaske, kuma a nan ne mutum ke fara sanin ladabin masana'anta: zuwa a kan lokaci, bin takardar aiki, kai rahoton kuskure maimakon ɓoye shi. Amma a faɗi gaskiya. Allunan haɗa waya katako ne da ƙusoshi, ana loda su a kwantena cikin kwana kaɗan. Abin da ya kawo aikin shi ne arhar ƙwadago, kuma ranar da aka sami inda ya fi arha, abin da ya kawo shi ne zai tafi da shi.

Aikin da ke kafa saiwa yana wurin mazubi. Kowane sashe na roba ana zuba shi ne a cikin mazubin ƙarfe da aka sassaƙa daidai da siffarsa, kowane sashe na farantin ƙarfe kuma ana buga shi ne tsakanin wasu ƙarafa biyu, na sama da na ƙasa, kamar yadda ake buga hatimi. Wanda ke ƙera waɗannan ya kuma gyara su shi ne ginshiƙin masana'anta, ko da yake ba shi ake nuna wa baƙi ba. Ɗauki yankan farantin ƙarfe. Ratar da ke tsakanin wuƙar sama da ramin ƙasa yawanci kashi 5 zuwa 10 ne cikin ɗari na kaurin farantin, wato ga faranti mai kaurin milimita ɗaya, ratar ba ta wuce kaurin takarda ba. In ta yi yawa, gefen yankan ya fito da ƙaya mai kaifi wadda za ta yanke waya ko hannun mai haɗawa. In ta yi kaɗan, wuƙar ta ci da wuri ko ta tsage. Ƙarfe kuma yana da halin komawa baya kaɗan bayan an lanƙwasa shi, musamman irin mai ƙarfin da ake amfani da shi yanzu don rage nauyin mota, saboda haka dole a sassaƙa hatimin ya zarce lanƙwasar da ake so da ɗan abin da ƙarfen zai mayar. Kwamfuta tana kintatar wannan, amma gyaran ƙarshe da dutsen wasawa da shuɗin fenti ake yi, a buga, a duba inda ya taɓa, a goge, a sake bugawa. Ba a koyon wannan a taron bita na mako biyu. A Jamus, inda dokar koyon sana'a ta 1969 ta tsara yadda ɗan koyo ke raba lokacinsa tsakanin makaranta da masana'anta, wannan sana'a shekara uku da rabi ake yi ana koyonta, kuma wanda ya gama ma sai ya ƙara shekaru a ƙarƙashin na gaba da shi kafin a sakar masa babban mazubi.

Abin da ya faru a Japan a watan Fabrairun 1997 ya nuna amfanin irin waɗannan hannaye. Gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke yin wani ɗan ƙaramin bawul na burki wanda kusan duk motocin Toyota suka dogara da shi, kuma kayan da ke ajiye na 'yan kwanaki ne. Layukan Toyota suka tsaya. Cikin kusan mako guda aka ci gaba da aiki, saboda kamfanoni da dama na yankin sun karɓi zanen, suka haɗa maƙalai da wuƙaƙen wucin gadi a kan injinan da suke da su, suka fara fere bawul ɗin. Kuɗi bai isa ya yi wannan ba da a ce babu mutanen da suka iya karanta zane su mayar da shi ƙarfe.

Na biyu a muhimmanci shi ne mai kula da lafiyar injina, wanda ya haɗa sanin lantarki da na man matsi da na iska da kuma ƙaramar kwamfutar da ke ba inji umarni. Na uku shi ne mai tabbatar da inganci. A wannan harka ana ƙirga lalatattun kaya ne cikin miliyan, ba cikin ɗari ba, kuma babban kamfani ba ya ko sauraron mai kawo kaya wanda ba ya bin ƙa'idar ingancin kayan mota da ake kira IATF 16949, wadda ta fito a 2016. Sai kuma mai saita inji, wanda ke sauya mazubi ya daidaita zafi da matsi da lokaci. Roba irin ta nailan tana shan danshin iska, dole a busar da ita kamar awa huɗu a zafin digiri 80 kafin a narka ta. Mai saitin da bai san dalili ba zai tsallake wannan in an matsa masa lamba, kayan su fito da kyau a ido, su karye bayan wata shida a cikin motar wani. Haka walda ta ɗigo: wuta da matsi da lokaci ne, amma bakin tagullar yana faɗaɗa da amfani, in ba a fere shi a kan kari ba ɗigon zai manne a sama ba tare da ya haɗe a ciki ba. Da kurfi da guduma ake gane wannan, a ɓamɓare samfuri a gani. Wanda ke ganin irin waɗannan ƙananan abubuwa ne, ya tuna da Takata, mai yin jakar iskar kariya, wanda sinadarin da ke cikin kayansa yake lalacewa da zafi da danshi. Rayuka sun salwanta, an janye miliyoyin motoci, kamfanin ya durƙushe a 2017.

Yanzu ga inda masu ɗaukar ma'aikata suka fi yin tuntuɓe, wato lokaci. Kwangilar sassan mota tana da kalandarta. Daga ranar da aka ba ka aikin zuwa ranar da motar za ta fara fita, yawanci shekara ɗaya da rabi zuwa uku ne. A tsakani za a ƙera mazubi, a yi gwaje-gwaje, sannan a yi abin da ake kira PPAP, inda mai kawo kaya zai tabbatar da cewa zai iya yin sashen daidai kuma a kai a kai. Ƙa'idar da kamfanonin Amurka suka shimfiɗa ta nemi a fitar da aƙalla guda 300 a jere, da ainihin mazubin, da ainihin injin, da ainihin ma'aikatan da za su yi aikin, a kuma gudun da za a riƙa yi kullum. Wannan sharaɗi na ainihin ma'aikata shi ake yawan ha'inta. Sai injiniyoyi su tsaya a kan layi ranar gwaji, a ci jarrabawa, sannan a kwaso sabbin mutane ana saura mako biyu a fara. Watan farko sai kayan da aka ƙi su taru, a fara aika kaya ta jirgin sama don kada layin mai saye ya tsaya, a ɗauko wani kamfani ya zauna yana tantance kaya ɗaya bayan ɗaya, ribar shekarar farko ta tafi a nan. Tsarin da ya dace a bayyane yake. Maƙerin mazubi da mai gyaran injina da mai inganci a ɗauke su tun ana ƙera kayan aikin, a tura su wurin mai ƙerawa su ga yadda aka haɗa, su tsaya a kan gwajin farko. Shugabannin layi su biyo baya da wata shida ko fiye. Masu aikin layi su zo da isasshen lokacin da za su yi gwajin ƙarshe da hannunsu.

Adadin masu aikin layi kuwa lissafi ne, ba fata ba ne. A ce rukunin aiki awa takwas ne, a cire minti 30 na hutu da shara, saura daƙiƙa dubu 27. In mai saye yana son guda 450 a kowane rukuni, dole guda ɗaya ya fito duk bayan daƙiƙa 60. In aikin hannun da ke cikin guda ɗaya minti 12 ne, mutum 12 ke nan a takarda. Da yake aiki ba ya rabuwa daidai wa daida, a ce 14. A ƙara na hutu da rashin lafiya, 15 ko 16. Rukuni biyu, kusan 32. Duk wanda ya yi alƙawarin guraben aiki, a tambaye shi wannan lissafi: guda nawa, ga wa, tsawon shekara nawa. In babu oda a hannu, adadin da ya faɗa ba shi da ƙafar tsayawa.

Game da yadda ake zaɓen mutane, ra'ayina ba shi da kwana-kwana: takardar shaida ta shigar da mutum ɗakin gwaji, amma hannunsa ne zai fitar da shi. A ba mai neman aikin inganci zane da ma'aunin kauri da sassa goma, biyu daga ciki sun fita daga awo, a ga ko zai gano su, a kuma sa shi ya auna guda ɗaya sau uku a ga ko zai sami amsa ɗaya. A ba mai gyaran injina allon lantarki da aka ɓoye wa matsala, a lura ba da saurinsa kaɗai ba, har da ko ya kashe wuta ya sa kwado kafin ya sa hannu. Wanda bai yi haka ba ya faɗi, ko da ya gano matsalar. Mai neman aikin wayoyi a gwada ganinsa na launuka, domin akwai maza da yawa da ba sa bambance ja da kore kuma ba su sani ba, sannan a gwada saurin yatsunsa. Gwajin rabin yini irin wannan ya fi hira ta awa guda, kuma yana da wata fa'ida da na ɗauka da muhimmanci ƙwarai: yana rage ƙarfin wa ka sani. Bakaniken da ya shekara goma yana warware injina ba tare da babbar takarda ba yana samun damar nuna kansa, abin da tallar aikin da ta ce sai mai digiri take hana shi.

Horarwa ma tana da hanyar da aka daɗe da gwadawa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Amurka ta fito da wani tsari na koyar da sabbin ma'aikata cikin gaggawa, wanda daga baya Toyota ta runguma ta gina nata a kai. Ana rarraba aiki a takarda gida uku: matakin da za a yi, sirrin da ke cikinsa, da dalilin sirrin. Mai koyarwa ya nuna, ya sake nunawa yana bayani, ɗan koyo ya yi da kansa, ya sake yi yana faɗin dalilai da bakinsa, sannan a riƙa leƙo shi har ya zauna. Gida na uku, na dalili, shi ake yawan yarwa, alhali shi ne ke hana mutum yanke hanya da tsakar dare lokacin da babu mai kallonsa. Abin da aka fi yi a maimakon haka shi ne a tsayar da sabo kusa da tsoho a ce ya kalla, ya gaji ƙwarewar tsohon tare da duk munanan ɗabi'unsa.

Akwai wata ɗabi'a da na tsana a wannan harka, wato cika layi da ma'aikatan wucin gadi ta hannun dillalan ƙwadago, shekara da shekaru. Na san matsin da ke jawo ta. Masu saye sukan nemi a rage musu farashi duk shekara, oda tana hawa tana sauka, kuma samun wasu 'yan kaɗan da za a ƙara ko a rage ba laifi ba ne. Amma idan rabin layi ba su san ko za su kai wata mai zuwa ba, kada a yi tsammanin wani zai ja igiyar tsayar da layi don ya ga kuskure. Zai yi shiru ne ya tura gaba. Sabon hannu kuma shi ya fi shiga haɗari, a gaban injin da ke sauko da nauyin tan ɗaruruwa. Maɓallan hannu biyu da labulen haske da ke tsayar da inji an sa su ne don kare yatsu, kuma wanda ke tsoron kora shi ne zai yarda a toshe su don a cika adadi. Kamfanin da ke lissafin abin da ya rage a albashi, ya haɗa da kuɗin sake horarwa da na kayan da aka zubar da na diyya, zai ga arhar ba ta kai yadda ya zata ba.

Gwamnatoci kuma, masu ba da fili da rangwamen haraji, su daina biyan alƙawari. A biya bayan an ga aikin, kuma ya daɗe. Maroko ta fahimci wani abu a nan: tare da masana'antar Renault da aka buɗe kusa da Tanja a 2012 da tashar jiragen ruwan da ke gefenta, an kafa cibiyoyin horar da ma'aikatan mota da kamfanonin ke da hannu a tafiyar da su. Yarjejeniyar cinikin Amurka da Meziko da Kanada da ta fara aiki a 2020 ta bi ta wata hanya, ta ce sai kashi 75 cikin ɗari na darajar mota ya fito daga yankin kafin ta tsallake haraji, kuma wani kaso na aikin ya fito daga inda ake biyan aƙalla dala 16 a awa. Ana iya jayayya da kowannensu, amma duka sun duba sassa da ma'aikaci. Ostireliya kuwa darasi ce ta ɗaya gefen. Ford ta rufe a 2016, Toyota da Holden suka bi a 2017, kuma masu kawo sassan da ba su da wani mai saye suka bi su. Waɗanda suka tsira su ne masu ƙwarewar da za ta iya juyawa zuwa wasu kayan.

Wannan batu na juyawa shi ne ke gaban kowa yanzu saboda motar lantarki. Ba ta da fistin, ba ta da fulogi, ba ta da salansa ko famfon mai, akwatin giyarta kuma ɗan ƙarami ne. A 2024 ZF ta sanar da cewa za ta rage guraben aiki tsakanin dubu 11 da dubu 14 a Jamus kafin ƙarshen 2028. Tesla ta fara zuba babban ɓangaren ƙasan mota da alminiyom a zubi ɗaya, a madadin sassa kusan 70 da ake bugawa a yi musu walda. Masana'antun batir da ake fatan su cike gurbin suna cin jari fiye da yadda suke cin hannu, kuma ba su da tabbas: Northvolt ta Suwidin, da aka ɗora wa buri sosai, ta karye a 2025, kuma cikin abin da ya kayar da ita har da kasa fitar da kaya masu kyau da yawan da ake buƙata. Duk da haka motar lantarki tana da burki da kujeru da gilashi da shokozoba, tana da wayoyi masu ɗauke da wutar lantarki mai ƙarfin volt 400 ko 800 da ke buƙatar horo na musamman, kuma wancan ƙaton zubin alminiyom yana buƙatar ƙaton mazubi da wanda zai kula da shi. Wanda aka koya wa danna maɓalli ɗaya a kan injin fere fistin yana cikin haɗari. Wanda ya iya karanta zane da awo da saita inji zai koma wani layin cikin 'yan watanni.

Saboda haka, idan za a sa hannu a yarjejeniya da mai zuba jari, a rubuta a ciki 'yan koyo nawa zai ɗauka duk shekara a ƙirar mazubi da gyaran injina, ɗakin gyaran mazubi zai kasance a cikin masana'antar ko za a riƙa aika shi waje duk sanda ya tsage, kashi nawa na ma'aikata ne na dindindin bayan shekara biyu, da kuma shekarar da ƙwararrun da aka kawo daga waje za su miƙa wa waɗanda suka horar. Rangwamen harajin a raba shi kashi-kashi, a riƙa sakin kowane kashi bayan an je an ƙirga mutanen a bakin injinansu.